Daga Bagudo Zuwa Lolo: Abin Da Ke Ƙarƙashin Juji

Mai zuwa Bagudo daga Birnin Kebbi yakan bi ta Kalgo ya faɗa Jega, ya miƙe kudu a kan hanyar Yawuri, ya wuce Maiyama, sai a Koko ya saki babbar kwalta ya yi yamma. Daga nan ƙasa take fara sauya kama. Itatuwa suna ƙara kauri, giginya da ɗorawa da kaɗanya suna yawaita, iska kuma tana ɗauko ɗanyen ƙamshin fadama tun ido bai ga ruwa ba. Lokacin sanyi na yi wannan tafiya, an gama kaka, manoma sun koma gyaran fadamu domin shinkafar rani.

Duk wanda na gaya wa za ni Bagudo, shinkafa yake fara kawowa, ko albasa, ko busasshen kifi, wani kuma ya ambaci kan iyaka. Ni kuwa abin da ya ɗaga ni daga gida shi ne in ga inda mutanen wannan yanki suke zubar da shararsu, da inda suke ɗiban ruwan da suke sha, da kuma irin ƙasar da ke tsakanin biyun. Tambaya ce da ba a cika yi ba a garuruwan da ba su kai birni ba, don ana ganin maganar juji ta Legas ce da Kano. A ganina irin waɗannan garuruwa ne suka fi cancanta a yi musu ita, tun gyara yana da araha.

Muna zaune a tashar Koko ana jiran mota ta cika, sai wata Kokon ta faɗo mini a rai, ta bakin teku a tsohuwar Jihar Bendel, inda a 1988 aka gano an sauke dubban gangunan guba daga Italiya, fiye da tan 3,000, a wani fili cikin gari. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin soja ta tilasta aka kwashe kayan, kuma a shekarar aka kafa dokar hana shigo da shara mai guba, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Waccan guba a jirgin ruwa ta zo, an ga gangunanta, an san mai ita. Wadda na fito nema da hannunmu muke tara ta, kwando-kwando, kullum safiya.

Bagudo tana gefen arewa na Kogin Kwara, ba nisa da inda Gulbin Kabi yake kawo ruwan Rima da na Zamfara ya juye a cikinsa. Ita ce hedkwatar wata ƙaramar hukuma mai faɗi, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da 230,000, ta haɗa Zagga da Kende da Ka'oje da Illo da Lolo, har ta je ta jingina da Jamhuriyar Benin. A kasuwa za ka ji Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci, can wajen Illo kuma ga Kyangawa da Busawa. Ƙasa ce ta ruwa. Wanda ya taso inda ake kwana a bakin rijiya ana jiran ta tara, in ya zo nan sai ya ce mutanen nan ba su da sauran kuka.

Da hantsi na bi bayan wani yaro mai tura baro cike da shara, don na san zai kai ni inda nake nema ba sai na yi tambaya ba. Bayan wasu gidaje ya tsaya a bakin wani tsohon kududdufi ya kifar. Ramin ya kusa cika. Na tsuguna na duba abin da ke ciki: toka da ƙaiƙayin shinkafa, kashin awaki, ɓawon albasa, ledar fiya wata ba iyaka, baƙar leda, famfas ɗin yara, tsinkakken silifa, gwangwanin tumatir, batiran tocila da suka kumbura suka fashe suna zubar da baƙin gari, kwalbar maganin feshi da sauran ɗigo a gindinta, har da sirinji. Gefe ɗaya wuta tana ci a hankali tana hayaƙi mai ɗaci. Wani ɗan bola-jari yana tona da sandar ƙarfe, yana tsince gwangwani da fasasshen bokiti yana jefawa a buhu. Abin da ba ya sayuwa kuwa nan yake barinsa. A can tsakiya, inda ya fi zurfi, ruwan damina bai gama ƙafewa ba, ya yi baƙi ƙirin, da kumfa a samansa. Daga bakin ramin ina hango mata a kan wata rijiya suna jan guga.

Kusan kowane garin Hausa yana da irin wannan rami, kuma tarihinsu ɗaya ne. Nan kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina gari da ita. Magini ba kowace ƙasa yake so ba, mai danƙo yake nema, wadda za ta riƙe tubali. To wannan ƙasa mai danƙo ita ce Allah ya rufe ruwan ƙasa da ita, ita ke hana abin da ke sama saurin sauka. Mun kwashe ta mun yi katanga da soro, ramin da ya rage kuma, wanda gindinsa ya fi ko'ina a gari kusa da ruwa, shi muka mayar mazubar shara. Da za a ce a zaɓi wuri mafi muni a gari don tara ƙazanta, da wuya a sami wanda ya fi shi.

Da can wannan bai dami kowa ba, kuma da dalili. Jujin kakanninmu toka ne da kashin dabbobi da kara da ganye. Da rani jakuna suke kwashe shi a mangala zuwa gona; manoman kewayen Kano sun daɗe suna raya gonakinsu da sharar birni. Juji dukiya ne, har rigima ake yi a kansa. Kayan cikinsa ne suka sauya, al'adar zubarwa kuwa tana nan yadda aka gada.

Mai masaukina ya haɗa ni da wani dattijo maginin rijiya, wanda ya ce tun yana saurayi yake shiga rami. Na same shi a gindin darbejiya yana gyaran igiya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, in mutum ya fara haƙa a nan, me yake tararwa?"

"Malam, sai inda kat tsaya," in ji shi. "In tudu ne, jigawa kaka hwara iskewa, sannan jan ƙasa, wani wuri marmara, sai ka sha wuya kahin ka huda ta. Ƙarƙashinta laka. In ka wuce lakag ga, sai tsakuwa da rairai, nan ruwa shike. Amma hwadama, gaba biyu ko ukku ka ga ruwa na tsattsahowa."

"To ka taɓa gina rijiya ruwanta ya ƙi shayuwa?"

Ya ɗan yi shiru yana murza igiyar. "An yi. Akwai wadda munka gina kusa ga kududduhi. Shekarun hwarko ruwanta garai. Daga baya in damana ta yi nisa sai shi koma zartsi-zartsi, da ɗan wari, ko shayi anka dahwa da shi ba shi daɗi. Mai gidan ya ce iskoki ne. Ni dai na ce mishi shi dubi ramin can na bayan gida."

Dattijon nan bai shiga aji ba, amma abin da ya faɗa shi ne a cikin littattafan masana ruwan ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana tatar toka ya ga yadda juji yake aiki. Ta cika tukunya mai huji da toka, ta zuba ruwa garai a sama, abin da ke ɗigowa ta ƙasa kuwa ja ne, mai kaifi, ya kwaso duk gishirin da ke cikin tokar. Haka ruwan sama yake ratsa tarin shara, ya narkar da abin da zai narku, ya fita ta gindi. A yankin da ake samun ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 1,000 a shekara, kusan dukansa cikin wata biyar, kududdufi yana shan wanda ya sauka a kansa, yana kuma shan na lungunan unguwa da ke gangarowa cikinsa da duk abin da suka kwaso.

Abin da ya fita ta gindin ba tafiyarsa ɗaya ba. Ƙasa tana nata ƙoƙarin, kuma ya kamata a faɗa. Laka da marmara suna kama yawancin ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam, su riƙe su kusa da sama. Ƙwayoyin cuta da yawa suna mutuwa a hanya in tafiyar ta yi tsawo cikin ƙasa mai laushi. Amma gishiri da sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga ruɓaɓɓen abinci da kashi da fitsari da takin zamani, ba sa tsayawa. Duk inda ruwa ya bi suna biye. A cikin tsakuwa da yashi mai manyan ƙwayoyi kuwa, inda ruwa ke samun hanya, har ƙwayoyin amai da gudawa da na taifot suna iya isa rijiya da ransu. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. Wannan awon masai ne na gida ɗaya. Kududdufin da unguwa guda ta yi shekara da shekaru tana ɗura wa shara ya wuce nan.

Zartsin da dattijon ya ambata sa'a ce, tunda harshe ya ba da labari. Naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aunin ruwan sha na Najeriya duk sun tsayar da iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya, saboda jarirai: in aka dama wa jinjiri madara da ruwan da ya haura haka sosai, jininsa yakan kasa ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi. Dalma iyakarta miligiram 0.01 ce kacal. Tafasa ruwa kan kashe ƙwayoyin cuta, alif kan kwantar da laka, amma babu ɗayansu da ke fitar da naitiret. Tafasawar ma ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwan ne ke tashi a tururi shi ya zauna. Dalma kuwa mu a Arewa ba sai an ba mu labarinta ba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, kuma a cikin ƙasar tsakar gida take, inda yara ke rarrafe. Can daga dutsen zinariya ta fito. A nan tana cikin tsohon batirin babur da na sola da ake fasawa a watsar da sauran a juji, jujin da gobe za a kwasa a kai lambun alayyafo.

Wani abu da na lura da shi a rumfar mai shayi da yamma: masu ɗan hali da suka fara shakkar rijiya sun koma fiya wata. Ba laifi su nemi lafiyarsu. Amma ledar tana ƙarewa a lambatu, ta toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a kududdufi, ya daɗe yana jiƙa shara. Marar hali kuma, wanda ba zai iya sayen leda ashirin kullum don iyalinsa ba, shi aka bari da rijiyar.

Da sassafe muka nufi Tuga, inda gada ta haye Kwara. Daga kan gadar ido ba ya kai ƙarshen fadama. Kogin a nan sau biyu yake cika: farin ruwa na damina, mai laka, da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa, wanda ya sauka tun damina a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana yawo a fadamun Mali, ba ya isowa nan sai lokacin sanyi. Shi na tarar. Masunta suna kai da komo a kwale-kwale, injinan ban-ruwa suna ta ƙara ta kowane gefe.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, sannan aka rufe iyakoki a Agusta 2019, noman shinkafar rani ya bunƙasa ƙwarai a Kebbi. Alheri ne babba. Na ga gidajen kwano da sababbin babura da ya kawo. Amma ya zo da nasa kaya. A bakin wata gona na ga ƙaramar rijiyar bututu, irin wadda ake kafawa cikin yini guda a fadama, inji yana zuƙo ruwa yana turawa cikin fangali. Taku kaɗan daga bakinta an tara kwalaben maganin ciyawa da buhunan taki da aka zazzage, ƙasa kuma ta yi baƙi da man inji. Wani matashi ya tara hannu a bakin tiyo ya sha, ya wanke fuska, ya cika jarka zai kai wa 'yan aiki.

Na ce, "Ɗan'uwa, wannan ruwan kuke sha?"

Ya ce, "Ai shi ne mai kyau, Malam. Daga ƙasa yake fitowa, ba na gulbi ba ne."

Mutane da yawa haka suka ɗauka, duk abin da ya fito ta bututu tsarkakakke ne. Alhali ruwan da ke gaba uku a ƙarƙashin yashi, abin da aka zubar a sama bana shi ne a cikinsa baɗi, wani lokaci ma ba ya kai baɗin. Inji kuma in yana zuƙa, ruwan kewaye yake janyowa zuwa bakin bututun, da duk abin da ke cikinsa.

Sai kuma ambaliya. A 2020 ruwa ya cinye gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 a Jihar Kebbi, Bagudo na cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Asarar ambaliya da buhu da gida da gada ake lissafa ta, ba a cika sa rijiyoyi a lissafin ba. Ruwan da ya shafe unguwa yana ɗaga juji da masai da kwata gaba ɗaya, ya zuba ta bakin kowace rijiya marar murfi, ya kuma ɗago ruwan ƙasa har ya taɓa gindin ramukan shara. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, mafi yawansu a Arewa, Kebbi ma ba ta tsira ba. Dalilanta suna da yawa, amma babbar ƙofarta ita ce: bayan gida ya sadu da ruwan sha.

Bayan gada hanya ta hau tudu zuwa Ka'oje, ƙasar Fulani da shanu. Ban daɗe ba. Daga nan sai Tsamiya, ƙofar da ke fuskantar Segbana ta Benin. Garin kan iyaka sharar baƙi yake kwasa: direba ya kwana, ya ci, ya sha, ya juye baƙin mai a ƙasa, ya wuce. A bayan rumfunan makanikai ƙasa ta yi sulɓi ta daskare, ko ciyawa ba ta fitowa. Baƙin mai ba ya ruɓewa da wuri, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɓata ruwa mai yawa. Abin da ya faranta mini rai a wannan ɓangare shi ne farin yumɓun da na gani a jikin wani rami a gefen hanya. Na ɓalli ɗan guntu, na jiƙa, na murza, ya kama yatsa ya ƙi saki. Ka'oje da Illo, da Giro ta ƙaramar hukumar Suru, an san su da wannan yumɓu.

Muka nausa arewa zuwa Illo, tsohon gari na ƙasar Bargu, mashigar fatake masu zuwa Gwanja neman goro. Lokacin da Ingila da Faransa suka zauna a Faris a 1898 suna rabon ƙasar nan, da Illo aka yi awo: suka ce iyaka ta taɓa kogi mil 10 sama da Giris, tashar jiragen ruwan Illo. Haka aka raba Dandawa da Kyangawa da Busawa gida biyu. Masana ilimin ƙasa ma sunan garin suka ɗauka. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin wannan yanki, tsakuwa da dutsen yashi da laka a jere, waɗanda tsofaffin koguna suka zube fiye da shekara miliyan 70 da suka wuce, shimfiɗar Illo ake kiranta a littattafan da suka yi maganar kwarin Sakkwato. Ita da takwararta ta Gundumi su ne na can ƙasa. Ta Rima da ta Kalambaina da ta Gwandu suna bisansu in aka yi arewa. Binciken da Anderson da Ogilbee na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka wallafa a 1973 kan taskokin ruwan wannan kwari yana cikin ayyukan da har yau ake komawa gare su. A wajen Birnin Kebbi da Argungu ruwa mai zurfi yana da laka mai kauri a samansa, har wani wuri in an huda yakan taso da kansa. A nan kudu kuwa shimfiɗar Illo a fili take, ruwan sama kai tsaye yake shiga cikinta, kuma ta inda ruwa ya shiga ta nan dauɗa take shiga.

Kwarin Sakkwato kansa gefe ne na wata babbar taskar ruwa, Iullemmeden, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 500,000, wadda Nijar da Najeriya da Mali suke zaune a kanta, ta kuma miƙa ƙafa cikin Benin ta wajen Kandi. Ba ina nufin abin da aka zubar a Lolo gobe zai ɓullo a rijiyar Gaya ta Nijar ba. Ruwan ƙasa a hankali yake tafiya, wani wuri ko taku ɗaya ba ya yi a yini. Jinkirin nan ne haɗarin. Ɓarnar ba ta bayyana sai wanda ya yi ta ya manta, in ta bayyana kuma damina goma ba ta wanke ta. Ƙauyukan da ke fuskantar juna a bakin iyaka dai yashi ɗaya suke haƙa, ruwa ɗaya suke sha.

Daga Lolo ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni muka ƙetara zuwa Madekali, muka zarce Malanbil, inda Kogin Sota ke shiga Kwara, ga gadar da ke kai mutum Gaya ta Nijar. Kasuwar Malanbil tana cikin manyan kasuwannin Benin, Hausa kuma tana ci a cikinta. 'Yan canji suna zaune da sefa da naira a gabansu. A Disamba 2017 Benin ta kafa dokar hana sarrafawa da shigowa da sayarwa da amfani da ledar da ba ta ruɓewa, don haka na sa ido in ga yadda dokar take a ƙasa. Wata mai tuyar ƙosai da na tsaya wurinta a baƙar leda ta ƙulla mini.

Na ce, "Inna, ba an hana wannan a ƙasarku ba?"

Ta ce, "An hana, ɗana. To a me zan sa maka?"

Tambayarta tana kan hanya. Dokar da ta hana abu ba ta kawo madadinsa da araha ba, a takarda take tsayawa. A bayan kasuwa, ta gefen da ke gangarawa kogi, na ga tarin shara irin na Bagudo, a kan yashi irin na Bagudo. Ramukan binne shara na zamani da Benin ta gina suna can kudu, a Ouèssè kusa da Ouidah da kuma Takon, domin Kwatano da Porto-Novo da maƙwabtansu, tafiyar kusan kilomita 700 daga nan. Ƙasashe tara da ke shan Kwara suna da hukumarsu a Yamai tun 1980, amma jujin bayan kasuwa ba ya jiran taron ƙasashe. Shugaban ƙaramar hukuma a wannan gefe da magajin gari a wancan gefe, su ne abin yake hannunsu.

Bambancin waɗancan ramuka na zamani da kududdufinmu a gindi yake. Kafin a zuba kwando ɗaya ana daɓe ƙasan ramin da yumɓu. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta ce kaurinsa ya kai mita guda, ya kuma matsu yadda ruwa ba zai ratsa fiye da kimanin santimita 3 a shekara ba. A kan yumɓun a shimfiɗa roba mai kauri, a kanta tsakuwa da bututun da ke tattara ruwan juji a fitar da shi a tace. Kewaye da wurin a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji, ana ɗiban ruwansu lokaci-lokaci ana aunawa. Ba haka aka yi a Olusosun ta Legas ba. Tsohon ramin ɗiban ƙasa ne aka fara cikawa a farkon shekarun 1990, gari ya zo ya kewaye shi, binciken jami'o'i ya sha nuna alamun ruwan juji a rijiyoyin maƙwabta, a Maris 2018 kuma ya kama da wuta ya yi kwanaki yana ci. Kududdufi ne shi ma, girma kawai ya fi namu.

Ba na cewa Bagudo ta nemo roba da bututu irin na Turai gobe. Amma mafi tsadar abin da ake bukata Allah ya riga ya ajiye a nan: ga tudu, ga yumɓu, ga mutanen da suka iya daɓe tun kaka da kakanni. Abin da ya rage zaɓen wuri ne, kuma yanzu ne ake da zaɓi, tun fili yana nan, tun gidaje ba su kewaye ramukan ba. Na'urar da masu haƙa burtsatse suke yawo da ita, suna soka ƙarafa a ƙasa suna tura lantarki don neman ruwa, ita ce dai ake auna ƙarƙashin juji da ita: laka tana nuna kanta, ruwan juji ma, da yake gishiri ya yi masa yawa, yana nuna inda ya bi da inda ya nufa. Akwai malamai da ɗalibai masu wannan aiki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar Aliero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, kowace shekara suna neman inda za su yi binciken kammala karatu. Takardar gwajin naitiret kuwa, wadda ake tsomawa a ruwa ta sauya launi, ko duba-gari zai iya yawo da ita a aljihu.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Don haka kirana ga majalisar ƙaramar hukumar Bagudo ne, da hakiman Illo da Ka'oje da Zagga da sauran masu ƙasa, tunda su ke ba da fili. A hana zuba shara a kududdufin cikin gari da duk inda ambaliya take kaiwa. A ware wa kowane babban gari fili a tudu, mai laka a ƙasa, nesa da rijiyoyi, a daɓe shi. Batir da kwalbar maganin feshi da kayan asibiti a raba su da sharar gida, toka da kashin dabba kuma su koma gona yadda aka saba. Rijiyoyin da ke kusa da tsofaffin juji a ɗaga bakinsu, a yi musu murfi, a gwada ruwansu ƙarshen rani da tsakiyar damina, a kuma gaya wa matan unguwa abin da aka gani, don su ke ɗiba, su ke dama wa jarirai. Masu unguwanni da limamai su taya da faɗakarwa. A fara da rijiyoyin makarantu da na asibitoci, kafin ruwan bana ya sauka.